Muhawara a zauren tsofaffin ɗalibai kan rubutun da aka yage daga allon sanarwa

Malamin Turanci, Birnin Kebbi: Assalamu alaikum 'yan uwa. Kuka na kawo muku, domin abin da ya faru a makarantar da nake koyarwa ya hana ni sukuni. Ni ke kula da kulob ɗin 'yan jarida, kuma muna da jaridar bango da muke liƙawa a allon sanarwa. Wani yaro ɗan aji biyar ya rubuta ra'ayinsa kan yadda manyan ɗalibai ke tashin 'yan aji ɗaya tun kafin asuba su ɗebo musu ruwan wanka, wanda ya makara kuma a sa shi tsallen kwaɗo. Kafin a fita tara mataimakin shugaban makaranta ya yage takardar, ya ce rashin kunya ce.

Na karanta rubutun da idon mai ba da maki. Tun a sakin layi na farko yaron ya faɗi matsayarsa, cewa wannan ɗabi'a zalunci ce kuma ya kamata a hana ta. Bai kama sunan kowa ba. Ya bambanta abin da ya gani da idonsa, wato yara suna gyangyaɗi a darasin farko, da abin da aka ba shi labari, wanda ko manyan marubuta ba kowa ke kiyaye wannan ba. Ya kawo hujjar manyan da kansa, cewa su ma an yi musu haka kuma aikin yana koya wa yaro juriya, sannan ya amsa cewa iyaye karatu suka turo yaro ya yi, kuma barcin da aka hana shi daga karatun ake cire shi. A ƙarshe ya nemi a raba ɗibar ruwa ɗaki-ɗaki, babba da ƙarami. Irin wannan rubutu WAEC ke nema a takardar Turanci, inda ake sa ɗalibi ya rubuta kimanin kalmomi 450, ko maƙala don mujallar makaranta ko kare ɓangare ɗaya a muhawara. Abin da nake cewa shi ne, ba daidai ba ne mu koya wa yara rubuta ra'ayi a aji, sannan mu hukunta wanda ya fi kowa iyawa.

Tsohon firifet mai kula da aikin share-share, Jega: Wa alaikumus salam, Malam. Kalmar zalunci ta yi nauyi ƙwarai. Azzalumi shi ne mai cin dukiyar maraya ko mai ƙwace gonar talaka. Yaro ɗan shekara 17 da aka ɗora wa kula da ɗakin kwana bai cancanci wannan suna ba don ya aiki ƙaninsa rijiya. Mu ma mun ɗebi ruwa a zamaninmu, kuma ga mu yau muna riƙe da iyalanmu.

Wata uwa, Kalgo: Yayana, ka ce ƙaninsa, amma ƙanin gaske idan ya yi kuka uwa tana jin sa daga ɗaki. Ɗana yana aji ɗaya a makarantar kwana, kuma hutun da ya wuce ya dawo da kanta a tafin hannu. Idan ba zalunci ba ne, ku gaya mini sunan da zan kira shi.

Tsohon firifet, Jega: Hajiya, tarbiyya ake kiransa.

Malamin Islamiyya, Gwandu: A yi hattara da kalmar nan ta ɓangarorin biyu. Malamai sun fassara zalunci da sanya abu a inda ba muhallinsa ba, kuma a hadisi na 24 cikin Arba'una Allah Maɗaukaki ya ce ya haramta wa kansa zalunci, ya kuma haramta shi a tsakanin bayinsa, ba tare da ware ƙarami daga babba ba. Saboda haka kalmar ba ta masu mulki kaɗai ba ce. Ko Shehu Usmanu da ƙanensa Malam Abdullahi na Gwandu da alƙalami suka fara yaƙar zaluncin sarakunan zamaninsu kafin a kai ga takobi.

Wani ma'aikacin gwamnati, Argungu: Allah ya gafarta Malam, na san za a kawo mu nan. Duk maganar da aka ɗauko sai kun shigar da Gwandu ciki. Wanda ya ci Birnin Kebbi da yaƙi a 1805, wato Malam Abdullahin da ka ambata, yana da labarinsa, Kabawan da suka bar garinsu su ma suna da nasu, kuma jikokin Kanta, wanda ya kafa daular Kabi, ba su taɓa yarda cewa kakanninsu azzalumai ba ne. Wannan ma ya isa ya nuna muku cewa kalmar tana bin bakin mai faɗarta ne.

Malamin Islamiyya, Gwandu: Ban ambaci Kabawa ba, Alhaji, kai ne ka tsargu.

Ma'aikacin gwamnati, Argungu: Ba sai ka ambata ba. A taronmu na bara ma haka kuka yi wajen rabon muƙamai, kuma har yau ba a ba mu amsar wasiƙar da muka rubuta ba.

Malamin Turanci, Birnin Kebbi: Don Allah mu dawo kan rubutun. Ba wanda ya tambaye ni ya ga takardar. Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a Zariya a 1939 da Abubakar Imam a matsayin edita, tana buga wasiƙun masu karatu tun zamanin Turawa. Idan kalma ɗaya ta yi zafi, aikin edita ne ya zauna da marubuci su tattauna, ko a ba wani firifet fili ya rubuta raddi a fitowa ta gaba, yara su karanta duka biyun.

Wani ɗalibin lauya, Yawuri: Sashe na 39 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba kowane mutum 'yancin faɗin albarkacin bakinsa, kuma bai ce sai wanda ya gama sakandare ba. Amma ni ma da na ga rubutun kafin a liƙa, da na ba shi shawara ya ce cin zali, domin ya fi sauƙi a kunne.

Wata uwa, Kalgo: Ɗana, cin zali da zalunci ai uwa ɗaya uba ɗaya suke. Ko an sauya sunan, guga ɗaya yaron zai ja.

Tsohon firifet, Jega: Masu wannan magana yawancinsu 'yan jeka-ka-dawo ne, ba su taɓa kwana a makaranta ba. Wanda bai riƙe ɗakin yara masu yawa shi kaɗai da dare ba, babu malami ko ɗaya a kusa, bai san abin da ake ciki ba. Kuma ina zargin wani babba ne ya sa wa yaron kalmar a baki.

Malamin Turanci, Birnin Kebbi: Wannan ƙazafi ne, kuma ina neman ka janye shi. Waƙafi da aya kawai na gyara masa.

Shugaban zaure, tsohon shugaban ɗalibai: Jama'a, dare ya yi, bari in taƙaita abin da aka cimma. Mafi yawan waɗanda suka yi magana sun yarda cewa kalmar da yaron ya yi amfani da ita ta wuce gona da iri, har ɗan'uwanmu mai karatun lauya ya tabbatar da haka. An kuma fahimci cewa firifet suna ɗauke da nauyin da malamai suka sakar musu, kuma bai dace a zubar musu da mutunci a gaban ƙananansu ba. Muna yaba wa Malam bisa ƙoƙarinsa, tare da ba shi shawara ya riƙa kai duk rubutu ofishin shugaban makaranta kafin a liƙa, ya kuma karkatar da yaran zuwa batutuwa masu amfani kamar tsafta da wasanni. Batun wasiƙar 'yan Argungu za a duba shi a taron kwamiti. Daga yanzu an rufe wannan magana, kuma duk wanda ya sake tayar da ita za a cire saƙonsa.