Waɗanda suka taɓa zuwa ƙauyukan Connemara, ku ba ni shawara

Maman Sadiya, Galway:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Makarantar su Sadiya ta turo takarda, wai a hutun bazara yara za su je An Cheathrú Rua, wani ƙauye a yankin Connemara, su yi mako uku suna koyon Gaeilge, yaren asali na ƙasar nan ta Ayalan. A gidajen mutanen ƙauyen za su zauna. Shekararta 14, ba ta taɓa kwana a wajen gida ba. Ita ta ɗokanta, ni kuwa gabana faɗuwa yake. Don Allah wanda ya taɓa zuwa, ko ya taɓa tura ɗansa, ya faɗa mini abin da ya gani.

Abu Faruk:
Wa alaikumus salam Hajiya. Ai kusa ne da ku, bas mai lamba 424 daga Galway yake kai mutum, tafiyar sa'a ɗaya da 'yan mintuna. Kina wuce An Spidéal za ki ga ƙasa ta sauya: teku a hagu, dama kuwa dutse ne zalla. Gonakinsu ƙanana, kowacce an kewaye ta da katangar duwatsu da aka jera ba siminti, ba laka, har kina hango sama ta ramukan. Abu ɗaya ki sani, allunan hanya da yarensu kawai ake rubutawa. Ni Carraroe nake nema, allo yana cewa An Cheathrú Rua, ashe duk gari ɗaya ne.

Hajiya Binta, Dublin:
Ƙanwata, kwantar da hankalinki. Ni ma haka na ji lokacin da babbar 'yata za ta je. Matar gidan da ake sauke yara, bean an tí suke ce mata, wato uwargida. Tun kafin tafiya na karɓi lambarta na kira. Na gaya mata 'yata ba ta cin alade, ba ta cin naman da ba yankan Musulmi ba, kuma tana buƙatar wurin salla. Ta ce kifi ba ya yankewa a gidanta. Kifi da dankali da burodin gida ta riƙa ba ta, ta kuma ware mata tukunya. Ranar da na je ziyara na tarar ta janye gado gefe don darduma ta samu wuri.

Abu biyu ba zan ɓoye miki ba. Da dare ana rawar gargajiya da suke kira céilí, maza da mata tare, ana riƙe hannu. Ki yi magana da shugaban makarantar tun da wuri. Sannan a watan Yuni rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe 10, ki rubuta mata lokutan salla a takarda, don wasu makarantun karɓe waya suke yi.

Ɗan Damagaram:
Ni ba ɗa na tura ba, aiki ne ya zaunar da ni wata huɗu kusa da Ros an Mhíl, tashar da ake shiga jirgin ruwa zuwa tsibiran Aran. Maƙwabcina wani dattijo ne da ya haura tamanin. Kullum da safe sai ya ce mini "Dia duit". Da na tambayi ma'ana aka ce "Allah ya kasance tare da kai". Daga ranar na saki jiki da shi. Amsar tasu tana haɗa sunan Maryam, sai na riƙa maimaita masa tasa gaisuwar kawai, bai taɓa nuna damuwa ba.

Wata rana ya ɗauke ni zuwa fadamar da suke yanko makamashi. Baƙar ƙasa ce jiƙaƙƙiya, móin sunanta. Da wata siririyar shebur yake yanka ta kamar tubali, a jingina biyar ko shida tsaye su sha iska, in sun bushe a kai gida a ƙona. Ƙamshin hayaƙin yana kama riga, har yau in na ji shi sai dattijon nan ya faɗo mini a rai. A hanyar dawowa ya nuna mini wasu tsofaffin kunya a gefen tudu, ciyawa ta rufe su amma layinsu na nan. Ya ce dankali aka shuka a wurin, da ciyawar teku a matsayin taki, a baya suke goyo ta daga bakin ruwa. A 1845 cuta ta faɗa wa dankali, yunwa ta kashe mutum kusan miliyan ɗaya, wasu kusan miliyan ɗaya suka yi ƙaura, kuma talakawan yamma masu wannan yare ne suka fi jin jiki. Ni ɗan manomi ne, kakata ta ba mu labarin farin 1973. Na daɗe tsaye a kan kunyar nan ban iya cewa komai ba.

Maman Sadiya, in kin je ziyara ki kai ta bakin tekun da ake kira Trá an Dóilín. Abin da ke bakin ruwan ba yashi ba ne, ɓarɓashin wata ciyawar teku ce mai tauri, ki ɗebo a tafin hannu ki gani.

Malama Rabi, Limerick:
Abin da ya tsaya mini a rai daban ne. A ƙidayar 2022, mutum dubu 20 da 'yan kai ne kawai a duk yankunan yaren ke magana da shi kullum a wajen makaranta. Suna da rediyo tun 1972, da talabijin TG4 tun 1996, duka biyun hedikwatarsu a wannan yanki. Duk da haka na ga gidaje da yawa a rufe, na masu zuwa hutu ne, matasan garin kuwa muhalli na gagararsu. A wani kanti na ji uwa tana yi wa ɗanta faɗa da yarensu, yana amsa mata da Turanci. Wallahi kamar a ɗakina. Na dawo na sa doka, daga magariba zuwa barci Hausa kawai. Yanzu autana ya iya gaida kakarsa a waya har ya tambaye ta ya jiki.

Maman Sadiya, Galway:
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na karanta wa Baban Sadiya, ya ce ranar Asabar mu hau bas ɗin mu fara ganin garin da idonmu. Yaya Binta, zan kira ki bayan isha'i ki faɗa mini yadda kika fara magana da uwargidan.