Ƙanena zai fito daga gidan yari bayan sallah, me ya kamata mu tanada?

Yayar wani ɗaurarre: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ƙanena ya kusa cika shekara 3 a gidan yari, saura masa wata 4. A ciki ya koyi ɗinki, har ya aiko wa Inna riga da ya ɗinka da hannunsa, ta yi ta kuka. Tsorona shi ne fitowar. Abokan da suka kai shi suna nan a bakin layi, ko ɗaya bai gusa ba. Wanda ya taɓa shiga irin wannan, don Allah ya faɗa min yadda ta kaya.

Tela a Fagge: Wa alaikumus salam Yaya. Ni da kaina na yi zaman, shekara 2 da wata 7, kuma a can na fara taka keke. Koyon ba shi ne wahala ba, don lokaci kam akwai shi har ya yi yawa. Mu kusan ashirin ne a kan keke uku, ɗaya ma kullum yana tsinka zare, sai dai ka zauna kana kallon hannun wani har layi ya zo kanka.

Ranar da na fito, takardar shaida ce kawai a hannuna. Na zaga shago biyar. Da an tambayi inda na koya, sai fuska ta sauya, a ce in dawo wani mako. Wata biyu ina zaune a gida, kuɗin sabulu ma sai na roƙa, kuma wallahi a lokacin nan tsofaffin abokai ne kaɗai ke kirana su ba ni ɗari biyar. Kawuna ne ya kama hannuna ya kai ni wurin wani dattijo, ya ce in abu ya ɓata shi za a tambaya. Da sa maɓalli da guga na fara. Sai da na shekara kafin ya bar min makullin shago. Ki nema masa maigida tun yanzu, kuma ku faɗi gaskiyar inda ya fito, don in a bakin wasu aka ji, magana ta lalace.

Mai walda a Kakuri: Hajiya, bari ki ji ta ɓangaren masu ɗauka. Na karɓi yara biyu da suka fito. Na farko sati uku ya yi ya tafi min da injin yankan ƙarfe. Na rantse ba zan sake ba. Liman ya matsa min na karɓi na biyu, yanzu shekara 4, shi ke karɓar kuɗin ƙofofi in ba na nan. Bambancinsu, na biyun mahaifinsa kan leƙo duk Juma'a mu gaisa. Na farkon ko inda yake kwana ban sani ba, laifina ne da ban tambaya ba.

Tsohon ganduroba: Na yi shekara 31 a wannan aiki. A 2019 Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar da ta mayar da sunanmu hukumar gyaran hali, kuma dokar ta yi maganar koyar da sana'a da karatu, da hukuncin da ba na ɗauri ba, kamar yi wa al'umma aiki. A takarda babu laifi. Akwai gonaki irin ta Kujama, akwai gidajen horon matasa a Kaduna da Ilori da Abeokuta. Amma kusan kashi 2 cikin 3 na mutanen da ke tsare a ƙasar nan masu jiran shari'a ne, kuma inda na yi aiki wanda aka yanke wa hukunci ake fara sa wa a ɗakin sana'a, don shi aka san ranar fitarsa. Na ga yaron da na sallama da safe ya dawo kafin wata ya zagayo. Na tambaye shi, ya ce Baba, a nan ko ba komai ana kiran sunana da safe.

'Yata, ki je ki tambayi jami'in walwala ko sunan ƙanenki na cikin waɗanda za a bai wa kayan sana'a. Wani lokaci ana samu, wani lokaci babu, amma wanda danginsa ke bibiya ba a cika mantawa da shi ba.

Matar wani direba: Baba ya faɗi gaskiya. Maigidana ya yi wata 26 yana jiran shari'a, daga ƙarshe aka sallame shi babu laifi. Ko allura bai riƙe ba a ciki. Ya fito ya tarar mai motar ya ba wani, lasisinsa ya ƙare. Ni da injin markaɗe na riƙe gidan.

Malamin sakandare: Kada a manta da karatu. Na koyar da lissafi na sa kai a wani gidan yari duk Asabar, ɗalibaina suka zana NECO daga ciki. Jami'ar karatu daga gida, NOUN, tana da cibiyoyi a Kuje da Kirikiri da Inugu, kuma ba ta karɓar kuɗin makaranta a hannun fursunoni. Ban taɓa samun aji mai natsuwa irin nasu ba.

Tela a Fagge: Malam, karatu da kyau, ban musa ba. Amma wanda muka kwana ɗaki ɗaya da shi ya fito da sakamako mai kyau, yanzu ruwan leda yake sayarwa a tasha, don duk fom ɗin aikin da ya ɗauka sai ya tarar da layin da ke tambaya ko an taɓa ɗaure ka.

Malamin sakandare: Haka ne, wannan layin ya kayar da mutane da yawa. Ɗaya daga cikin nawa dai yanzu yana koyar da yara darasin yamma a zauren mai unguwa, iyaye na biyansa a mako.

Yayar wani ɗaurarre: Allah ya saka muku da alheri. Kwasar adashena a watan gobe ce, zan saya masa keke ko na hannu ne. Akwai mijin ƙanwar babanmu da ke da shago a wata unguwa nesa da tamu, gobe zan je da Inna mu same shi. Mai walda, in ya amince, wa ya fi dacewa ya riƙa leƙawa, tunda babanmu ya rasu? Ni ko babban wanmu?

Mai walda a Kakuri: Wanku ya je ranar farko, ya tsaya masa a gaban mutane. Sauran ranakun ke ki riƙa zuwa, da alama ke ce ba za ki gaji ba.