Shawarwari ga mai zuwa kallon bikin Osun a Osogbo

Wani ɗalibinmu da ke shirin zuwa Osogbo a watan Agusta don kallon bikin Osun, abar bautar kogi ta Yarbawa, ya nemi shawara, aka yi ta kai-kawo har bayan la'asar. Ga abin da na tsinta.

Kusan kowa ya ce kada ya shiga kurmin Osun kamar mai yawo a gidan tarihi. UNESCO ta sa wurin cikin kayan tarihin duniya a 2005, amma ga masu bautar Osun, siffofin da Susanne Wenger 'yar Ostiriya ta gina tare da masu fasahar garin wuraren ibada ne. Aka ce ɗalibin ya nemi izini kafin ya ɗauki hoto, kada kuma ya tare hanyar Arugba, budurwar da ke ɗauke da ƙwaryar hadaya zuwa bakin kogi.

Inda aka ja daga shi ne batun zuwa kallon bikin. Wasu suka ce Musulmi ba shi da abin yi a can, wasu suka ce neman sani daban, shiga tsafi daban. Ni na fi karkata ga na biyun, muddin bai ɗebi ruwan kogin da niyyar neman tabarraki ba.

Wani dattijo ya ƙara da cewa ya kasa kunne ga dundun, kalangun Yarbawa, domin kirari take yi.