Kuɗin motar sharar asibiti: a raba da kilo ko da nisa?

Hajiya Ungozoma: Salamu alaikum. Mai motar da za ta riƙa kwashe mana allurai, auduga mai jini da ragowar magunguna zuwa injin ƙonawa ya yanke naira 300,000 duk zuwa, wato 3,000 kan kowace kilomita har da dawowa. Mu uku ne a kan titi ɗaya: Dakta kilomita 20 daga injin, asibitin tsakiya 50, ni 100. Ni dai a ganina a ɗora shara a sikeli, kowa ya biya gwargwadon nauyinsa. Wanda ya tara datti shi ya kamata ya ji nauyin kwashe shi.

Dakta: Wa'alaikumus salam Hajiya. Rabin sharar tawa ce, ban musa ba. Da sikeli 150,000 za ta hau kaina, alhali in na ɗauki motar ni kaɗai 60,000 zan biya. To me zai zaunar da ni a cikin haɗakar? Ko a raba daidai, 100,000 kowa, asara ce a wurina.

Malam Mai Lissafi: Abin da Dakta ya faɗa shi ne tushen abin da masana ke kira ka'idar wasa, ɓangarenta na haɗin gwiwa: rabon da zai sa wani ya ga gara ya ware ba ya ɗorewa. Lloyd Shapley, Ba'amurken da ya samu kyautar Nobel ta tattalin arziki a 2012, ya fitar da wata hanya tun 1953. A ƙaddara kuna shiga motar ɗaya bayan ɗaya, a duba kuɗin da shigowar kowa ta ƙara, a jujjuya jerin ta kowace fuska, sannan a ɗauki matsakaici. A 1973 wasu masana biyu, Littlechild da Owen, suka nuna sauƙinta a kan titin saukar jiragen sama, inda babban jirgi ke buƙatar dogon titi, ƙarami kuwa gajere ya ishe shi. Namu ma haka yake. Kilomita 20 na farko ku uku ke amfana, 60,000 ke nan, kowa 20,000. Kilomita 30 na gaba mutum biyu ne, 90,000, kowa 45,000. Sauran 50 Hajiya ce kaɗai, 150,000. Dakta 20,000, na tsakiya 65,000, Hajiya 215,000. Ba wanda bai samu ragi ba a kan tafiya shi kaɗai.

Baba Direba: Ɗana, wannan ai mun san shi a tasha, wanda zai sauka kusa ba ya biyan kuɗin mai zuwa ƙarshen hanya. Amma wannan kaya ba buhun masara ba ne. Na yi shekaru ina jan babbar mota. Kayan da ke yoyo sai an rufe mota ruf, a wanke ta bayan kowane zuwa, yaran mota su sa safar hannu da takalmin roba. Wannan kuɗin bai san nisa ba, yawan kaya ya sani. A nan Hajiya na da gaskiya.

Malam Mai Lissafi: Gaskiyarku Baba. Duk abin da yawan shara ke jawowa a ware shi daban a raba da sikeli. Mai da lalacewar mota su ne na nisa.

Hajiya Ungozoma: Malam, lissafinka ya fita tsaf, amma ɗakin haihuwa nake da shi a ƙauye, mata na zuwa da abin da bai taka kara ya karya ba. Ina zan samo 215,000? Abin da zai faru na san shi, rami za a haƙa a bayan gida a zuba. Da idona na ga yara suna tsintar sirinji a juji suna watsa wa juna ruwa. Nisan nan ba ni na zaɓe shi ba, can marasa lafiyar suke.

Injiniya: Ina bayan Hajiya a nan, kuma ba don tausayi kaɗai ba. A 2006 jirgin ruwa Probo Koala ya so sauke dattinsa a Amsterdam, da aka gwada aka ga gubarsa farashi ya yi tashin gwauron zabo, sai ya tafi da shi. A Abijan aka zubar, mutane sama da 100,000 suka nemi magani. A garin Koko na kudancin Najeriya ma, 1988, gangunan guba daga Italiya aka jibge a filin wani mutum kan hayar dala 100 a wata. Duk inda kuɗin zubarwa ta halal ya fi ƙarfin mai shara, jama'ar da ba su zauna a teburin rabo ba su ke biya da lafiyarsu. Lissafin Shapley masu biya kaɗai yake ƙirgawa.

Malam Mai Lissafi: Ban ƙi ba. Yana nuna wanda ya jawo kuɗi, ba ya duba aljihu. Amma akwai fili a tsakani. Dakta da na tsakiya in sun ware su biyu, 150,000 za su biya. Don haka duk abin da suka haɗa ƙasa da wannan riba ce gare su. Misali Dakta 45,000, na tsakiya 90,000, Hajiya 165,000. Ƙasa da 150,000 ne ba za ta iya sauka ba sai haɗakar ta watse.

Dakta: Daga 20,000 zuwa 45,000 ya ninka har da ɗori, ga kuɗin wanki da rabinsa ni zai hau. Duk da haka zan iya, Hajiya, don matan da kike turo min in haihuwa ta zo da gardama su ne dai waɗannan. Sharaɗina a rubuta, kuma a sake dubawa bayan wata shida.

Hajiya Ungozoma: Allah ya saka da alheri Dakta. Ko 165,000 ɗin sai dai sau ɗaya a wata.

Injiniya: Allurai a kwalinsu na musamman za su jira wata. Auduga mai jini da mabiyiya ba za su jira ba. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya a ƙasa mai zafi ita ce kada su wuce awa 24 a lokacin zafi, 48 a lokacin sanyi, sai in akwai wurin sanyaya su. Wannan sai an nema masa hanya daban a can wurin Hajiya, a cire shi daga lissafin motar.

Baba Direba: To a kira mai asibitin tsakiya, har yanzu bai ce uffan ba, kuma 90,000 aka ɗora masa. Ni zan koma wurin mai motar in ji nawa zai rage in allurai da ragowar magani kaɗai zai ɗauko daga wurin Hajiya.