Yadda ake gano tsohon rubutu a kundin intanet, a kuma adana shi

Mai Tambaya: Assalamu alaikum. Kundin da ya shekara 10 ana rubutu a ciki, yaya ake gano rubutun da aka manta ranarsa? Yaya kuma ake sauke komai a ajiye?

Injiniya: Wa alaikumus salam. A Google, rubuta site: haɗe da adireshin kundin, ba tazara, sai kalmar da ka tuna. In jimla ce, sa ta tsakanin " ". Gwada da ƙ da k, da ɗ da d, don yawancin tsofaffin rubuce-rubuce ba lanƙwasa. Amma Google ba ya ganin abin da aka kulle. Wannan sai ka sauke fayil ɗin kundin ka danna Ctrl+F don neman kalmar.

Malama: Saukewa ta danganta da gidan yanar da kundin yake. A WordPress, shiga Tools, sai Export, ka zaɓi All content. Fayil ɗin XML zai fito da rubutu da sharhi. Hattara, hotuna ba sa ciki, adireshinsu kawai yake ɗauke da shi. Ka sauke su daban, in ba haka ba ranar da aka rufe kundin sun tafi ke nan. LiveJournal kuwa wata-wata yake bayarwa, shekara 10 fayil 120 ne, kuma ba sharhi. Sa musu suna irin 2015-03 su jeru da kansu.

Injiniya: Ƙari a kan na Malama: wajen saukewa daga LiveJournal, zaɓi tsarin haruffa na UTF-8, kada ƙ da ɓ su rikiɗe su koma shirme. Buɗe fayil biyu ko uku ka tabbatar ba fanko ba ne, sannan ka ajiye kwafi a kwamfuta, a filash, da Google Drive.