Yaya zan gane sunan kwantirolan da ke aiki daga cikin shafin nuni a Laravel?

Ɗan Kasuwa: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina haɗa manhajar lissafin kaya wa wani kantin hatsi a babbar kasuwar Maradi da Laravel, wato tsarin haɗa manhajojin yanar gizo da harshen PHP. So nake maɓallin "Kaya" a menu ya canza launi duk lokacin da KayaController, wato kwantirolan da ke kula da buƙatun shafukan kaya, ke aiki. Ta yaya Blade, wanda ake rubuta shafukan nuni da shi a Laravel, zai san sunan kwantirolan?

Mai Lambobi: Wa alaikumus salam. `Route::currentRouteAction()` zai ba ka `App\Http\Controllers\KayaController@index`. Yanke abin da ke bayan @ da `Str::before`, sannan `class_basename` ya cire maka dogon adireshin, ya bar KayaController kaɗai. Amma a kula, idan hanyar (route) ba ta bi ta kwantirola ba, ko shafin 404 ne ya fito don babu hanyar da ta dace da adireshin, `null` za ka samu. Ka tanadi wannan tun farko.

Malamar Kwamfuta: Gaskiya ne Malam, amma ni ban so a ɗaura menu a kan sunan kwantirola. Ranar da aka sauya masa suna, launin ya ɓace shiru, babu saƙon kuskure. Gara ka sa wa hanyoyinka suna kamar `kaya.index` da `kaya.edit`, sai ka rubuta `request()->routeIs('kaya.*')`. `Route::resource` ma da kansa yake raɗa waɗannan sunayen.

Bakatsine: Ga masu Rails, wato takwaran Laravel a harshen Ruby, `controller_name` na aiki kai tsaye. Sai dai `Admin::KayaController` da `KayaController` duk "kaya" za su dawo da shi. `controller_path` ne ke bambance su, ya ba da "admin/kaya".