Gashin karena yana ta kodewa, gado ne ko ciwo?

Jama'a, don Allah masu sanin karnuka ku taimaka min. Ina zaune a Ingila, bara na sayi ɗan kwikwiyo Cockapoo, wato uwarsa Cocker Spaniel, ubansa Poodle. Yana sati 8 gashinsa launin cakulan ne mai duhu, da ɗigo biyu ruwan ƙasa a saman idanunsa da ƙafafunsa, irin zanen da masu kiwo ke kira phantom. Zanen nan ne ma ya sa na zaɓe shi.

Yanzu watansa 14. Jiya da nake taje shi, na buɗa gashin bayansa, sai na ga tushen ya koma kamar shayi da madara, bakin gashin kaɗai ke da duhu. Ɗigon idanun ma da ƙyar ake gane su.

Likitan dabbobi ya ce lafiyarsa ƙalau. Mai kiwon kuma ta ce jinin Poodle ne, wai haka suke washewa in suna girma. Amma hankalina bai kwanta ba, domin na canza masa abinci wata 4 da suka wuce.

Ta yaya zan bambance kodewar gado da ta ƙarancin abinci? Kuma wanda nasa ya yi haka, a wata nawa launin ya tsaya?